Amanar Baba Girema: Kwana Ashirin a Ƙasar Gure

Tun da na dawo daga Gure ban huta da tambaya ba. A ofis, a masallaci, har wurin mai shayin bakin kwalejinmu, kowa sai ya ce, "Malam Sabo, yaya Nijar ɗin?" In na ce lafiya lau, a ce ba wannan ake nufi ba. In na fara bayani kuma, lokacin shiga aji ya yi, labari ya tsaya a tsakiya. Abokina Malam Hafizu ya ji farkon labarin nan sau uku bai taɓa jin ƙarshensa ba, shi ya matsa min na zauna na rubuta. Sunayen mutanen duka na canza su, sunan ƙauyen ma ba zan faɗa ba.

Ga abin da ya kai ni. Ina koyarwa a Haɗejiya, ina kuma digiri na uku a Kano a kan dokokin da suka shafi rikicin manoma da makiyaya. Mu nan kowa ya sani, da wuya kaka ta wuce ba a ji an zubar da jini a kan burtali ba. A littattafai na karanta cewa a Nijar doka ta kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har sama, inda manomi da makiyayi da maigari da ma'aikacin gwamnati ke zama a tabarma ɗaya. Na so in gani da idona ko abin yana aiki, ko kuwa a takarda ya tsaya. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Asabe, ta sa hannu a wasiƙata ta ce, "Ka je. Amma kada ka dawo min da abin da na riga na karanta."

Na tashi daga Kano da sassafe, ƙarshen damina, bayan an sake buɗe iyaka. Muka bi ta Daura muka isa Kwangwalam da hantsi. A ɓangarenmu ban daɗe ba. A ɓangaren Nijar wani jami'i siriri ya karɓi wasiƙata, wadda da Turancin Ingilishi take, ya juya ta gaba da baya, ya dube ni.

"Malam, takardarka ba ta da kashe."

Na ce, "Yallaɓai, kashe wa kuma? Ni malamin makaranta ne."

Duk ofishin aka kwashe da dariya. Ashe hatimi suke kira kashe, daga Faransanci. Hatimin jami'armu irin na matsawa ne, ba shi da tawada, sai an shafa ake jin sa. Na kama yatsansa na ɗora a wurin. Ya shafa, ya kira abokin aikinsa ya shafa, har wata mata mai jiran a duba kayanta ta ce ita ma a ba ta ta ji. Daga nan ya tambaye ni aikin da zan yi. Da na ce maganar burtali ce, sai fuskarsa ta canza. Ya ce mahaifinsa makiyayi ne. Ya buga min nasu kashen mai tawada shuɗiya, ya ce, "Allah shi ba da sa'a. In ka je, ka fara gaida hukuma kafin ka gaida kowa."

Na kwana a Damagaram, washegari na shiga babbar mota, wadda suke kira kar, mai zuwa gabas. Muka wuce Mirya da Gidimuni da Gidigir. A kowane shinge sai kowa ya sauko da katinsa a hannu, a duba, a koma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu mai gunaguni. Na raya a raina, da motar Haɗejiya ce da tuni an yi wa direba ca, an zagi gwamnati tun daga sama har ƙasa. Kusa da ni akwai wata dattijuwa mai fataucin tabarmi. Ta ga ina ta rubutu a ɗan littafi, ta ce, "Ɗana, rubutu ba ya maganin yunwa." Ta kwance ƙullinta ta miƙo min cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda. Na gatsa, haƙorina ya amsa. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna min a shayi ake tsoma shi ya yi laushi.

Mun shiga Gure bayan la'asar. Gari ne da rairayi ya kewaye, har cikin tituna ƙafa nutsewa take. Mai masaukina shi ne Majo Isufu, ma'aikacin lafiya ɗan Tawa da aka turo aiki ƙasar. Wani ɗalibina ne ya haɗa mu ta waya. Majo dogo ne mai fara'a, Hausarsa ta yamma ce tsantsa. Yana ganina ya ce, "Mi kaka jira nan cikin rana? Taho mu tahi gida!" Ya ɗora jakata a babur. Ɗakinsa guda ne, amma bai dame mu ba, domin a can a tsakar gida ake kwana, a kafa gidan sauro a kan rairayi. Da safe ga dogon burodi mai tauri a waje da laushi a ciki, da rana ga zogale da ƙuli, da dare tuwon gero miyar kuka. Shayi kuwa aiki ne. Sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, kuma wanda ya sha na farko ya tashi ya yi wa mai gida rashin kunya. Ni da na saba in kurɓe kofi guda a tsaye, sai da na koyi zama.

Na bi shawarar jami'in iyaka. Majo ya kai ni ofisoshin hukuma na gabatar da kaina, daga nan aka haɗa ni da Madam Hadizatu, ma'aikaciyar da ke riƙe da takardun kwamitin filaye. Su kofo suke ce wa kwamitin. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajera, mai kaifin ido, 'yar asalin Damagaram. Ta karanta takardar tambayoyina da na fassara zuwa Hausa, ta cire tabarau.

"Malam, wa zai amsa wannan?"

"Manoma da makiyaya, Madam."

"Ka rubuta: na yarda sosai, na yarda kaɗan, ban yarda ba. Wane Bafillace ne zai ce maka ya yarda kaɗan? Sannan wannan ta biyun mecece?"

Na ce takardar amincewa ce. Ƙa'idar jami'a ce, duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, alamar ya yarda, ni kuma na yi alkawarin ɓoye sunansa.

Ta girgiza kai. "Nan, in mutum ya dangwala yatsa a takarda, to gona ya sayar ko ya ba da jingina. Ka fito da wannan a ƙauye, kowa zai tashi ya bar ka da tabarma. Kuma ka san lokacin da muke ciki, mutane na kaffa-kaffa da baƙo mai takarda. Ka mayar da ita jaka. Ka yi musu alkawari da bakinka, ka ce amana ce. Sun fi sanin wannan."

Na kira Farfesa a waya. Ta ce in yi hakan, amma in ɗauki alkawarin a cikin muryar da zan naɗa, kuma in sani nauyinsa ɗaya da na rubuce.

Bayan mako guda ina tsakanin ofis da kasuwa, Madam ta ce akwai zaman sulhu da za a yi a wani ƙauye ta wajen Bune, in ina son ganin aiki in riga su zuwa. Ranar kasuwa na hau bayan wata tsohuwar motar daji tare da buhunan kanwa da akuya biyu. Sau biyu muna kafewa a rairayi, kowa ya sauko a tura. A turi na biyu na taka cikin ciyawa, wandona ya cika da ƙarangiya tun daga idon sawu har gwiwa. Na sa hannu zan cire, ta koma yatsuna. Wani fasinja ya ce in jiƙa yatsun da miyau tukuna. Haka na shiga ƙauyen mutane, baƙon jami'a, ina tafiya kamar mai kaciya.

Maigarin, wanda mutanen ƙauyen, Mangawa masu yin Barbarci, ke kira bulama, ya sauke ni a zaurensa. Suna gaisuwa da "wushe, wushe" da "lale", amma kusan kowa yana jin Hausa. Shi ya fayyace min rikicin. Makiyayan wani Arɗo Jaɓɓi sun sauko daga arewa da shanunsu, suna son wucewa zuwa wani kwari mai ruwa a kudancin ƙauyen. Arɗo ya ce tun zamanin kakansa burtali yake bi ta jikin wata tsohuwar aduwa. Yanzu aduwar tana tsakiyar gonar wani magidanci, Kyari, ga gero ya nuna ba a gama yanka ba. Kyari ya ce gonar gado ce, ba a taɓa yin burtali a nan ba. Wurin bai cikin waɗanda aka kafa wa turakun siminti, don haka babu takarda. Tsofaffin da suka sani duk sun rasu, saura mutum ɗaya, mahaifin Kyari, Baba Girema. Shi kuwa ƙafa ta hana shi fita, ido ma ya yi rauni.

Na fara da rugar Arɗo. Dattijo ne fari, marar yawan magana. Aka kawo min nono a ƙwarya. Ya nuna min shanun, sun rame, suna tsaye sun fuskanci kudu. Ya ce tafkin da suke sha ya kusa ƙafewa, bai fi na kwana biyar ba.

"Malam, ni na iya haƙuri. Saniya ba ta san shi ba. In ta ji ƙanshin ruwa, sandata ba ta tsare ta. Samarina kuma ba duka suke jin maganata ba."

Kyari na same shi a gona. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana da iyali goma sha ɗaya, rairayi ya riga ya binne masa gona guda a arewacin gari. Ya kai ni ya nuna min inda kan shingenta kawai ke leƙowa. Ya ce, "In na ba da wannan ma, me za su ci? Jibi zan dafa Alƙur'ani. Ni dai tun da na buɗe ido, gero nake gani a gindin aduwar nan."

Washegari da hantsi na nemi ganin Baba Girema. Na same shi a rumfa a kan buzu, ya miƙe ƙafa guda da ta kumbura. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wane ne. Na ce zan naɗi muryarsa a waya don kada in manta, kuma duk abin da ya faɗa amana ce, ba mai ji da sunansa, ba Madam ba, ba bulama ba, ba ɗansa ba.

"Amana ka ce?"

"Amana, Baba."

"To kunna abin naka."

Ya fi awa guda yana magana. Ya ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda suke kai kanwa da dabino kudu a kan raƙuma, har ya ce ya san kasuwar Haɗejiya, ya tambaye ni ko har yanzu ana samun kifin nan mai kitse. Ya ce a da makiyayi ɗan gida ne, bayan girbi roƙonsa ake ya kwana da shanu a gona don taki. Can sai ya sassauta murya.

"Aduwar nan, Malam. Burtali ne. Ni da ƙafata na bi shanun uban Jaɓɓi ta gindinta ina yaro. Shekarar wata yunwa shanu suka ƙare, shekara da shekaru ba wanda ya bi. Na ƙara wa gonata kunya biyu daga cikin hanyar. Da shekara ta zagayo na ƙara uku. Ba wanda ya yi magana. Kyari bai sani ba, a ciki aka haife shi. In ya rantse, a saninsa gaskiya ya faɗa. Ni ne na san ba haka ba ne."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa masa?"

"In ce wa ɗana abin da na bar masa na sata ne? Kai kana da uba?"

Na ce ya rasu.

"To ba za ka gane ba tukuna. Kashe abin."

Na fito daga rumfar. A matsayin mai bincike, na sami abin da mutum zai yi shekara bai samu ba. Amma ban ji daɗin komai ba. Wayar da ke aljihuna sai na ji ta yi nauyi.

Da la'asar Madam ta iso da sauran 'yan kwamiti. Majo ma ya biyo su, yana da rigakafin yara a yankin. Bayan ta zaga ta ji ta bakin kowa, sai ta kira ni gefe, gindin wani gawo.

"An ce ka daɗe wajen tsoho."

"Na daɗe."

"Mi ya ce maka game da aduwa?"

"Madam, ke kika ce in yi musu alkawari da bakina."

Ta zuba min ido. Mace ce mai kaifin hankali, kaucewar da na yi ta riga ta ba ta amsa, kuma na san ta gane. Ta ce, "Saurara, Malam. Zato ba shaida ba ne, ba ni iya rubuta shi. Gobe in babu shaida, Kyari zai rantse, magana ta ƙare, hanya ta rufe. Kewayen da ya rage wa Arɗo yini biyu ne ba ruwa. Ba za su yi shi ba. Za su fasa gonar. Na taɓa zuwa ɗaukar gawa a irin wannan, ba labari aka ba ni ba. Kai kana da abin da zai hana, yana aljihunka."

Na ce ta ba ni zuwa safe.

Na gaya wa Majo halin da nake ciki, ban faɗa masa abin da tsohon ya ce ba. Yana wanke hannu, ya ce, "Ni kullum da sirrin mutane nika kwana. Wani shina da ciwon da za ya shafi matarsa, ya ce kar in hwaɗi. Ba ni hwaɗi. Amma ba ni barin shi ya huta. Kullum ina bakin ƙofarsa har shi hwaɗi da kansa."

Da gari ya waye, bayan sallah, na koma rumfar Baba Girema. Yana shan kunu. Ya ji takuna ya ce, "Bahaɗeje, ka dawo."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, an tambaye ni abin da ka ce, ban faɗa ba. Kuma ba zan faɗa ba, ko yau ko gobe. In ka ce in goge, yanzu zan goge a gabanka. Amma na zo in gaya maka abin da na gani. Na je ruga. Ruwansu bai fi na kwana uku ba yanzu. Samarin Arɗo suna wasa wuƙa, na ga samarin garin nan ma sun fito da kibau. In shanu suka shiga gonar, Kyari ne zai fara tarar su."

Ya ajiye ludayin.

"Matar gwamnati ta matsa maka?"

"Ta matsa."

"Ka hana ta."

"Na hana ta."

"Me ya sa? Kai baƙo ne. Gobe ka hau mota, ba mu ƙara ganinka."

Na ce, "Don na ce maka amana."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yaron Haɗejiya ya riƙe amanar kwana ɗaya. Ni ta shekara hamsin na cinye." Ya ɗaga murya ya kira matarsa da Barbarci. Ban ji abin da ya ce ba, sai dai na ga an fito masa da farar riga da hula.

An yi zaman a inuwar gawon nan, da hantsi. Bulama a tsakiya, liman a damansa da Alƙur'ani naɗe cikin ƙyalle, Madam da babban littafinta a cinya. Manoma a gefe guda, makiyaya a ɗaya gefen, kowa da sandarsa a kwance a gabansa, domin bulama ya hana a riƙe. Abin da ya burge ni shi ne an bar kowa ya yi magana har ya gaji. Akwai mata biyu a cikin kwamitin, ɗaya daga gari ɗaya daga ruga, kuma sun yi magana an saurara. Arɗo ya faɗi nasa, Kyari ya faɗi nasa. Bulama ya tambaya ko akwai mai shaida. Madam ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin minti mai tsawo irin wannan ba. Liman ya ce wa Kyari ya je ya yi alwala.

Kyari ya dawo hannunsa na ɗigar ruwa, sai muka ji ƙarar amalanke. Wani maƙwabci ne ke jan jakin, Baba Girema na zaune a kai cikin farar riga. Mutane suka miƙe. Aka taru aka sauke shi a kan tabarma kusa da bulama.

Kyari ya ce, "Baba, me ya fito da kai? Ƙafarka fa."

"Zauna, Kyari. Kada ka taɓa Littafin nan."

Ya juya wajen da yake jin muryoyin Fulani. "Jaɓɓi yana nan?"

"Ga ni, Baba."

"Ubanka yana da wani bijimi baƙi mai karyayyen ƙaho."

Arɗo ya ce, "An ba ni labarinsa."

"Ni na sha kora shi ta gindin aduwar can. Hanyarku ce. Ni na shige ta, kaɗan-kaɗan, ba wanda ya sa ni. Ɗana bai sani ba, kada wanda ya kira shi maƙaryaci. In akwai abin faɗa, ni za a faɗa wa."

Kyari ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba, ya rufe fuska da hannu biyu. Wani saurayi a cikin makiyaya ya fara wata magana da ƙarfi, Arɗo ya daka masa tsawa da Fillanci, ya yi tsit. Sai Arɗo ya taso, ya zo gaban tsohon ya tsuguna, ya cire hularsa ta kaba. Ya ce, "Baba, ka fi mu." Ya juya wajen bulama ya ce shanunsa za su iya kwana biyu. A ba Kyari kwana biyu ya yanke geron da ke kan hanya, samarinsa za su taya shi. In an saki gonaki kuma, zai zauna da garkensa a sauran gonar Kyari har ta ƙoshi da taki.

Ba a tashi nan take ba. An yi ta ja-in-ja a kan faɗin hanyar har azahar, wani ya ce taku kaza, wani ya ce bai isa ba. A ƙarshe aka je aka auna da igiya, Madam ta rubuta, aka karanta da Hausa da Barbarci da Fillanci, kowa ya dangwala yatsa. Kyari ne na ƙarshe. Ya dangwala bai dubi kowa ba. Yankin da ya fita daga hannunsa ba kaɗan ba ne, kuma taki ba zai mayar masa da shi ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma na rubuta ta a cikin aikina.

A hanyar komawa masauki Madam ta ce min, "Ka yi sa'a, Malam." Na ce na sani. Ta ce, "A'a, ba ka sani ba." Sai na tuna gawar da ta ce ta taɓa zuwa ɗauka.

Na ƙara kwana biyu a ƙauyen. Na ga Fulani da Mangawa a gona ɗaya suna yankan gero, ba mai yi wa wani magana sosai, amma aiki na tafiya. Rana ta uku da safe shanun suka bi ta gindin aduwa. Da suka hango kwarin sai suka fara gudu.

Ina jiran motar komawa Gure, sai ga Kyari da dami guda a ka. Tun ranar zaman bai amsa gaisuwata ba. Ya sauke damin a gabana.

"Baba ya ce ka kai gida. Na gindin aduwar ne. Shi ne na ƙarshe da za a yanka a can."

Na yi godiya. Ya juya zai tafi, ya tsaya.

"An ce tun kafin zaman ka sani."

"Na sani."

"Da ka kunna wayar nan a gaban mutane, da na fasa ta, kuma da har in mutu ina cewa ƙarya ce ta baƙo. Amma shi ya faɗa da bakinsa." Ya dubi damin. "Ban ce na ji daɗi ba."

Na ce, "Na sani, Kyari."

Ya miƙo min hannu, muka gaisa, ya tafi.

Sauran kwanakin na yi su a Gure ina kwafar tsofaffin takardun sulhu a ofishin Madam. Majo ya sa aka sussuke geron aka zuba min a buhu. Ranar tafiya ya raka ni tasha da ƙullin dabino, yana ta faɗan ban zauna na sha shayi na uku ba. Na biyo hanyar da na bi, Damagaram, Kwangwalam, Daura, na iso gida lafiya.

Da na kai wa Farfesa Asabe rahoto, ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ba ta tambaye ni dokar ba, ba ta tambayi kwamitin ba. Ta rufe fayil ɗin ta ce, "Sabo, da tsohon bai hau amalanken nan ba fa? Liman ya buɗe Littafi, Kyari ya miƙa hannu, waya tana aljihunka. Me za ka yi?"

Na buɗe baki zan kawo mata abin da ƙa'idar bincike ta ce. Na tuna shanun Arɗo da suka fuskanci kudu, na tuna tsohon yana tambayata ko ina da uba. Na ce, "Farfesa, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "To je ka rubuta babin. Ka fara daga nan."